Ginin Ƙoda A Cikin Mahaifa Da Asalin Ciwon Dajin Ƙoda

Sau da yawa uwa ce takan fara ganewa, wajen wanka. Tana cuɗa cikin yaronta ɗan shekara 2 ko 3, sai hannunta ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri a gefe guda, ƙarƙashin haƙarƙari. Yaron kuwa yana wasansa, yana cin abincinsa, ba ya kukan komai. A wurare da yawa na ƙasar nan abin da akan fara cewa shi ne saifa ce, tun da yake zazzaɓin cizon sauro ya saba kumbura saifar yara. Sai a nemi jiƙo, ko kuwa a kai yaron wurin wanzami ya yi masa tsaga. Watanni kan shuɗe kafin a isa asibiti, sa'an nan ciki ya riga ya zama tulu, yaro ya rame. Wani lokaci saifar ce da gaske. Amma wani lokaci ƙullutun nan ciwon daji ne na ƙoda, irin wanda likitoci ke kira ciwon Wilms, wanda kuma yake cikin ire-iren dajin yara da suka fi jin magani in an zo da wuri.

Tambayar da iyaye kan yi in an gaya musu sunan ciwon ita ce, ina ƙaramin yaro ya samo daji? Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska, wasu kuma su ɗora wa uwar laifi, su ce wani abu ta ci sa'ad da take da ciki. Binciken masana na shekaru fiye da 100 ya nuna asalin abin yana wani wuri dabam, watau cikin tsarin da aka bi aka gina ƙodar tun yaron yana cikin mahaifa. Wanda ya fahimci wannan gini zai fahimci ciwon, zai kuma ga dalilin da ya sa likita ke matsawa a kan gaggawa.

Aikin ƙoda a taƙaice

Mutum yana da ƙoda 2, ɗaya dama ɗaya hagu, kwance a bayan ciki kusa da ƙashin baya. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta a jikin babban mutum kimanin giram 150 ne. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi 1 cikin 5 na jinin da zuciya ke turawa ta wurinsu yake bi. A kwana guda sukan tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan dukkansa, su bar lita 1 da rabi ta fita a fitsari ɗauke da dattin jiki. Har wa yau su ne ke daidaita gishirin jiki, su tsare mutum daga hawan jini, su kuma aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Tacewar nan aikin wasu 'yan ƙananan matatu ne da ido ba ya gani, waɗanda likitoci ke kira nefron. Kowace matata ɗan dunƙulen jijiyoyin jini ne mai kama da rariya, haɗe da siririn bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe. Galibi akan sami matatu kimanin miliyan 1 a ƙoda guda, amma mutane sun bambanta ƙwarai: an ƙirga wasu ƙodoji an sami wajen 200,000 kacal, wasu kuma fiye da miliyan 2. Dukkan matatun nan kafin haihuwa ake gina su. Wadda ta lalace daga baya ta tafi ke nan, jiki ba ya ƙera wata a madadinta.

Littafi ɗaya, karatu dabam-dabam

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin jiki masu ɗimbin yawa, dukkansu kuwa daga ƙwaya guda suka fito, wadda ta samu daga haɗuwar ruwan uba da ƙwan uwa, ta yi ta rabuwa. A tsakiyar kowace ƙwayar jiki akwai wani zare mai suna DNA, wanda in aka warware shi zai kai kamar mita 2, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. A kan zaren nan aka jera ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Kowace ƙwayar gado umurni ce na ƙera wani furotin, furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki. Da yake rabi daga uba ne rabi daga uwa, kusan kowace ƙwayar gado mutum yana da ita kwafi 2. A riƙe wannan magana, za a sake komowa kanta.

To, ga abin mamaki. Ƙwayar jiki ta ƙoda, da ta ido, da ta hanta, duk littafin umurni iri ɗaya suke ɗauke da shi, shafi bisa shafi. Abin da ya bambanta su shi ne shafukan da kowace ta buɗe ta karanta, da waɗanda ta bari a rufe. Wannan buɗewa da rufewa, kowane a wurinsa da lokacinsa da gwargwadonsa, shi ake nufi da sarrafa ƙwayoyin gado. Masana 2 na Cibiyar Pasteur ta ƙasar Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara bayyana shi filla-filla a 1961. Sun nuna cewa wata ƙwayar bakteriya ta cikin hanji ba ta buɗe umurnin narkar da sukarin madara sai in ta sami sukarin a gabanta. In babu, akwai wani furotin da ke zaune a kan wurin ya toshe shi. Aka ba su kyautar Nobel a 1965.

A jikin ɗan Adam al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai furotin na musamman waɗanda ba su da wani aiki sai su hau kan zaren DNA su buɗe wannan umurni, su rufe wancan, kamar sarkin magina wanda ba ya ɗaukar tubali da kansa, amma da faɗarsa ake fara aiki, da faɗarsa ake dakatawa. Akwai kuma naɗin zaren kansa: inda aka naɗe shi tamau ba ya karantuwa, sai an sassauta. Sa'an nan akwai wani ɗan sinadari mai suna metil da akan manna wa ƙwayar gado, ya zama kamar an buga wa ƙofa kwado. In ƙwayar jiki ta rabu 2, 'ya'yanta sukan gaji waɗannan kwaduna, shi ya sa ƙwayar ƙoda ba ta haifar ƙwayar ido.

Yadda ake gina ƙodar

Ɗan tayi sau 3 yake fara ƙoda. Ta farko takan ɓullo cikin mako na 4 a wajen wuya, ta ɓace ba tare da ta yi aiki ba. Ta biyu takan yi ɗan aiki na makonni kaɗan ta shanye, sai dai a jikin namiji bututunta yakan wanzu ya zama hanyar maniyyi. Ta ukun ita ce ta zama, cikin mako na 5 ake aza harsashinta can ƙasa a ƙugu, daga baya ta hau zuwa mazauninta.

Abu 2 ne suke haɗuwa su yi ta. Na ɗaya wani ɗan toho ne da ke fitowa daga bututun ƙoda ta biyu. Na biyu wani curi ne na ƙwayoyin jiki ɗanye, waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Cikin shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, Clifford Grobstein, ya ciro waɗannan abubuwa daga tayin ɓera ya raba su, ya rena kowane shi kaɗai a cikin ɗan faranti. Tohon ya ƙi yin rassa, curin kuma ya ƙi zama matatu. Da ya mayar da su wuri ɗaya sai gini ya kama, tohon ya yi ta rassa, matatu suka fara fitowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan gwaji ya tabbatar da cewa sassan 2 saƙo suke aika wa juna, ko da yake sai bayan shekaru kusan 40 aka san mene ne saƙon.

Yanzu an san shi. Cikin ƙwayoyin curin akwai sarakunan magina, manya daga cikinsu su ne waɗanda masana suka laƙaba wa WT1 da PAX2. Da taimakon irin waɗannan ne curin ke rayuwa ya ƙera wani furotin mai suna GDNF, ya watsa shi kewaye. Tohon kuwa yana da wani furotin a fatarsa mai suna RET, wanda shi ne kunnen da ke jin wannan kira. Da ya ji sai ya miƙe ya kutsa cikin curin, ya rabu 2, kowane reshe ya sake rabuwa, haka har sau 15 ko kusa da haka. Rassan nan su ne daga baya suke zama magudanan da ke tattara fitsari, gindin tohon kuma ya zama bututun da ke kai fitsari mafitsara. A 1993 masana suka cire WT1 daga ɓeraye, sai aka ga tayin bai yi ƙoda ko ɗaya ba, bai kuma yi gwaiwa ko ƙwan mace ba. Haka kuma ɓerayen da aka cire wa RET a 1994, da waɗanda aka cire wa GDNF a 1996, suka zo ba ƙoda, ko kuwa da ɗan guntunta. Mutumin da ya gaji kwafi guda na PAX2 a lalace yakan zo da ƙananan ƙodoji, sau da yawa tare da lahani a jijiyar gani.

Wurin da ya fi dacewa mai karatu ya natsu shi ne kan kowane reshe. A nan ƙwayoyin curin suke taruwa kamar hula, umurni iri 2 masu sabani da juna suna aiki a kansu. Reshen yana aiko da saƙo mai suna WNT9B, wanda ke cewa lokaci ya yi, a zama matata. Ƙwayoyin da suka amsa sai su buɗe WNT4, su dunƙule, su huda rami a tsakiyarsu, su lanƙwashe, jijiyar jini ta shigo, matata ta tabbata. Amma da dukkansu za su amsa a lokaci guda, da gini ya ƙare tun ƙodar ba ta kai komai ba. Saboda haka akwai wani sarkin magina, SIX2, wanda ke riƙe wasu daga cikinsu, ya hana su zama matata, ya bar su suna ta hayayyafa a ɗanyensu. Kamar manomi ne da ke ware iri daga cikin amfanin gonarsa domin shuka ta gaba. An gwada cire SIX2 daga ɓera, sai irin duka ya zama matatu da wuri, aka ƙare da ƙoda 'yar mitsitsiya.

Haka ake tafiya, ana cin wani ana ajiye wani, har wajen mako na 36. A lokacin ne sauran irin yake zama matatu gaba ɗaya, a rufe umurnin hayayyafa, gini ya tsaya. Fiye da rabin matatun cikin watanni 3 na ƙarshen ciki ake yin su. Wannan ne ya sa bakwaini, da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi saboda uwa ba ta sami isasshen abinci ba, sukan zo duniya da matatu kaɗan. Tun 1988 likitan ƙoda Barry Brenner na Amurka ya kawo bayanin cewa masu ƙarancin matatu sun fi kusa da kamuwa da hawan jini da ciwon ƙoda in sun girma, bincike da yawa kuma sun goyi bayansa. Ya kamata kuma a sani wasu magungunan hawan jini, irin su captopril da lisinopril, suna ɓata ƙodar ɗan tayi. Macen da ke shan su, in ta sami ciki ko tana neman samu, lalle ta gaya wa likita ya sake mata wasu.

Tun wajen mako na 10 ƙodar tayi take fara fitsari, kuma a rabin ciki na biyu yawancin ruwan da tayin ke kwance a ciki fitsarinsa ne. Huhunsa ba ya girma sai da wannan ruwa. Likita Edith Potter ta birnin Chicago ta bayyana a 1946 cewa jariran da aka haifa ba ƙoda ko ɗaya rashin huhun kirki ne ke kashe su jim kaɗan bayan haihuwa. Amma wanda ya zo da ƙoda guda mai lafiya yana iya tsufa bai ma sani ba.

Ginin da bai tsaya ba

A 1899 wani likitan fiɗa Bajamushe, Max Wilms, ya wallafa nazarinsa a kan wani ƙari da ke fita a ƙodar yara. Da aka duba naman ƙarin da madubin likita, sai aka ga tarin ƙwayoyi ɗanyu irin na curin tayi, ga wasu 'yan bututu da suka fara zama matatu suka tsaya a hanya, wani lokaci har da tsoka ko guringuntsi a inda ba su da wurin zama. Wilms ya ce lalle asalin ƙarin nan ƙwayoyin tayi ne. Zamani ya gaskata shi. Ciwon Wilms iri ne da aka ajiye wanda bai ji umurnin tsayawa ba: an haifi yaro, shi kuwa yana nan yana hayayyafa kamar har yanzu mako na 20 ake ciki.

Ragowar irin ba baƙon abu ba ne. Akan same shi a ƙodar jariri 1 cikin 100 ko kusa da haka, yawancinsa kuma yakan shanye da kansa ba wanda ya sani. Kaɗan ne ƙwarai ke rikiɗa ya zama daji, shi ya sa ciwon yake kama kimanin yaro 1 cikin 10,000. Ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ya fi samun yaran baƙar fata bisa ga na Turawa, mutanen gabashin Asiya kuwa su ne ya fi ƙaranci a cikinsu.

Hanyar da aka bi aka kamo ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki abin sha'awa ce. A 1964 likitoci a Amurka suka lura cewa cikin yara masu ciwon Wilms akwai da dama da aka haifa ba su da zoben nan mai launi da ke kewaye da tsakiyar ido, alhali wannan lahani yana da wuyar samu ƙwarai cikin sauran jama'a. A 1978 aka gano irin waɗannan yara sun rasa wani ɗan yanki na kromosom na 11. Ashe a yankin nan ƙwayar gadon ginin ido da ta ginin ƙoda maƙwabtan juna ne, in yankin ya guntule sai su tafi tare. A 1990 aka ware ta ƙodar, aka sa mata WT1, watau haruffan farko na sunan ciwon da Turanci. Ke nan ta hanyar ciwon daji aka san sarkin maginan ƙoda, kafin a san aikinsa na gini.

A nan maganar kwafi 2 take shigowa. Alfred Knudson, wani likita Ba'amurke, ya nuna a 1971 cewa ƙwayoyin gado masu hana daji sai an lalata kwafin duka 2 a cikin ƙwayar jiki guda kafin ciwo ya tashi. A 1972 shi da Louise Strong suka auna ciwon Wilms da wannan ma'auni. Ga yawancin yara ɓarnar duka a cikin ƙodar take faruwa, bisa kuskuren kwafi sa'ad da ƙwayoyi ke rabuwa, saboda haka ƙari guda ne a ƙoda guda. Amma yaron da ya zo da kwafi ɗaya a lalace a duk jikinsa, ɓarna guda kawai ta rage masa, don haka ciwon kan zo masa da wuri, sau da yawa a ƙodojin duka. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon ƙoda 2 yake kama musu. Waɗanda suke da wani ɗan'uwa mai irin ciwon kuwa ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, saboda haka kada a ɗauka ciwon gida ne.

Lalacewar WT1 kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kaɗai ta bayyana. Abin da ya fi yawa matsalar kwado ce. Akwai wata ƙwayar gado mai suna IGF2, ita ma a kromosom na 11, mai ingiza girman tayi. A ƙa'ida kwafin uba ne kaɗai ke aiki, na uwa a rufe yake. In tsarin alamun metil na wurin ya rikice, kwafin uwa ya buɗe, ko kuwa ƙwayar jiki ta yar da na uwa ta ninka na uba, sai ingizawar ta ninku, irin ya yi ta hayayyafa. An sami irin wannan rikici a fiye da rabin ƙarin Wilms, sau da yawa ba tare da harafi ko ɗaya na umurnin ya canja ba. A 2015 kuma aka ba da rahoton samun lahani a SIX2 kansa da ɗan'uwansa SIX1 cikin wasu ƙarin.

Dajin ƙodar manya

Na manya wani ciwo ne dabam. Galibi bayan shekara 50 yake zuwa, ya fi kama maza, daga bututun matata wadda ta riga ta ginu yake tasowa. Shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini suna ƙara haɗarinsa. Amma shi ma in aka bi gindinsa makulli ne ya maƙale.

An ambata cewa ƙoda ce ke umurtar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Tana yin haka ne in ta ji iskar oksijin ta yi ƙaranci, ta hanyar wani furotin mai buɗe umurni da ake kira HIF, wanda Gregg Semenza ya gano a farkon shekarun 1990. HIF yakan buɗe umurnin ƙara jini, da na tsiro da sababbin jijiyoyin jini, da na canja yadda ƙwayar jiki ke cin sukari. In iska ta wadata ba a bukatarsa, sai wani furotin mai suna VHL ya kama shi ya kai shi a rushe. An ware ƙwayar gadon VHL a 1993 a kromosom na 3, ta hanyar nazarin iyalai masu wata cutar gado da aka sa wa sunan likitoci 2, von Hippel Bajamushe da Lindau ɗan ƙasar Suwidin. Kimanin kashi 7 cikin 10 na dajin ƙodar manya iri guda ne, kuma a mafi yawan wannan iri kwafin VHL duka 2 sun mutu, ko ta lalacewa ko ta kwadon metil. Sai HIF ya taru ba mai rushe shi, ƙwayar jiki ta zauna kullum tana tsammanin shaƙe ta ake yi, ta yi ta kiran jijiyoyin jini su zo su ciyar da ita. Semenza, da William Kaelin na Boston, da Peter Ratcliffe, likitan ƙoda na Jami'ar Oxford ta Ingila, sun sami kyautar Nobel a 2019 saboda warware wannan al'amari. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2018, ya nuna ɓarnar farko a kromosom na 3 tana iya faruwa tun mutum yana yaro ko saurayi, ciwon bai fito ba sai bayan shekaru 30 ko fiye.

Ilmin nan ya haifi magani. Tun 2005 da 2006 aka fara amfani da sorafenib da sunitinib, masu toshe kiran jijiyoyin jini, a 2021 kuma Amurka ta amince da belzutifan, wanda ke kama HIF kansa. Suna da tsada ƙwarai, kuma jinkirta ciwon suke yi. Warkewa ta sosai tana ga fiɗa tun ƙarin bai fita daga ƙoda ba.

Akwai wani iri da ya kamata mutanen Nijeriya su san da shi, ko da yake samunsa yana da wuya matuƙa. An bayyana shi a 1995, kusan kullum kuma matasa masu ɗauke da jinin sikila, watau AS, yake kamawa. Asalinsa mutuwar wata ƙwayar gado mai suna SMARCB1, wadda aikinta sassauta naɗin zaren DNA. Kimanin mutum 1 cikin 4 a ƙasar nan AS ne, kusan dukkansu kuwa ba za su taɓa gamuwa da shi ba. Abin lura kawai shi ne, mai AS da ya ga jini a fitsarinsa kada ya yanke wa kansa hukunci cewa tsargiya ce, ya je a duba.

Magani, da abin da ke wuyan iyaye

Da yake ƙwayoyin ciwon Wilms ɗanyu ne masu saurin rabuwa, magungunan daji suna cin su da sauri. Guda 2 ne ginshiƙai. Actinomycin D, wanda Sidney Farber ya fara gwadawa a kan ciwon a Boston cikin shekarun 1950, yakan maƙale a zaren DNA ya hana a karanta umurni. Vincristine kuwa yakan hana ƙwayar jiki rabuwa. Daga wata fulawa 'yar asalin tsibirin Madagaska ake ciro shi, wadda ake shukawa don ado a gidaje da yawa a ƙasar nan. Kada wannan ya ruɗi kowa: dafa ganyenta ba ya maganin daji, guba ce kawai za a ɗura wa yaro.

Tsarin da aka fi bi a Turai da Afirka shi ne a fara da allurai na mako 4 domin ƙarin ya motse, ko mako 6 in ya riga ya kai huhu, sa'an nan a yi fiɗa a cire ƙodar da ta kamu, a ci gaba da allurai na wasu makonni ko watanni gwargwadon abin da aka gani, wasu yaran kuma a haɗa musu da gashin haske. A ƙasashe masu arziki yara 9 cikin 10 suna warkewa. A asibitoci da yawa na Afirka kudu da Sahara waɗanda suka tsira ba su kai rabi ba, alhali magungunan iri ɗaya ne, ba su kuma cikin masu tsananin tsada. Abin takaici, dalilan sanannu ne: zuwa a makare, da tamowa, da barin magani a tsakiya. Na ƙarshen nan ya fi ban tausayi, domin sau da yawa bayan allurar farko ciki yakan saɓe, iyaye su ga kamar an warke, ga kuɗin mota ya ƙare, ga aikin gona yana jira, sai su koma gida. Ƙarin yakan dawo, kuma dawowarsa ta fi wuyar magani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kai yawan yaran da ke warkewa daga daji zuwa kashi 60 cikin 100 kafin 2030, ta sa ciwon Wilms cikin cututtuka 6 da za a fara da su.

Duk ƙullutun da aka ji a cikin yaro, ko yana ciwo ko ba ya ciwo, a kai shi asibiti cikin makon nan a ɗauki hoton cikin. Na'urar da ake duba masu ciki da ita ta isa ta bambanta saifa da ƙoda. Haka kuma in an ga jini a fitsarinsa, ko zazzaɓi mai naci tare da kumburin ciki. Kada a yi ta matsa ƙullutun, kada a tsaga, kada a yi sakiya, domin ƙarin yana iya fashewa a ciki ya watsu. In an tabbatar da ciwon, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin na Zariya, Kano, Ibadan, Legas ko Enugu, inda ake da likitocin fiɗar yara. Ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba dalilin raba shi da 'yan'uwansa wajen ci ko kwana.

Jaririn da aka haifa ba zoben ido, ko wanda gefen jikinsa ɗaya ya fi ɗaya girma, ko mai babban harshe da babban jiki fiye da kima, ko namijin da al'aurarsa ba ta daidaita ba, ya kamata likitan yara ya gan shi tun da wuri. Wasunsu akan sa a riƙa ɗaukar hoton ƙodarsu kowane wata 3 har su kai shekara 7 ko 8.

Yaron da aka cire wa ƙoda guda, wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki aikin 2, ko da yake ba ta ƙara yawan matatunta. Zai yi makaranta, ya yi aiki, ya yi aure kamar kowa. Abin da ake bukata shi ne a riƙa kai shi ranakun da likita ya sa, a auna jininsa da fitsarinsa ko sau 1 a shekara, kada kuma a saya masa magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac a kemis sai da izinin likita.